Rijiyoyin da Suka Tsallaka Nijar

A ƙarshen shekarun casa'in ina masinja a wani ofishin ruwa a Gumel, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Sai da gemuna ya fara furfura na iya rubuta sunana.

Injiniyanmu mutumin Filato ne, Kirista, mai sanyin magana. Abokinsa ya aiko masa da manhajar zana taswira a kwamfuta, irin wadda ake bayarwa kyauta, kowa ya kwafa, mai iyawa ya gyara. Burinsa ya sa kowace rijiya ta yankinmu a taswira, a ga ƙauyukan da ba su da ruwa. Sai dai kwamfutar ɗaya ce, shugaban ofis kuwa ya ce in taswira ba ta fito kafin damina ba, za a mayar da ita ta buga wasiƙu.

Ni nake karanto masa lambobin da aka auno da wata na'ura a bakin kowace rijiya, a hankali, yatsana a kan takarda, shi yana shigarwa. Ranar da ya ɗora rijiyoyin a kan tsohuwar taswira, sai na gefen Maigatari suka faɗa cikin Nijar.

Direbanmu ya leƙo, ya tuntsire da dariya. "Oga, har rijiyoyi sun shiga fasa-ƙwauri? Kayan kyauta ke nan!"

Na ce, "Yallaɓai, ko ni na karanta ba daidai ba?"

"A'a, Baba, naka daidai ne. Ni ne ban iya ba tukuna."

Ban taɓa jin mai digiri ya faɗi haka ba. Na ga yana bin littafin bayanin manhajar layi-layi, leɓɓansa na motsi, yadda nake yi a gaban allo. Tausayinsa ya kama ni. In an ɗauke wuta sai mu fita inuwar darbejiya mu jira. Jira dai na iya shi.

Daga baya ya gano cewa tsohuwar taswirar da na'urar awon ba daga wuri ɗaya suke fara lissafi ba, sai an gaya wa manhajar. Ya gyara, rijiyoyin suka dawo gida.

Hadari ya fara haɗuwa ranar da shugaba ya zo dubawa. Ya daɗe yana kallon wani sashe tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, ga ƙauyuka, babu ɗigon rijiya ko ɗaya.

"Duk nan da mutane?"

Injiniya ya ce, "Da mutane, ranka ya daɗe."

Shugaba ya ja kujera ya zauna. "A bar masa kwamfutar. Nuna mini daga inda za mu fara haƙa."