Bugun da Ke Saman Cibiyar Taubashina

Da ana mayar da aiki baya, da na janye duk ƙahon da na kafa a cikin taubashina. Ni wanzami ne a Wara, sana'ar da na gada. Shi kuma ɗan ƙanwar ubana ne, yana fiton mutane da kaya a kwalekwale. Tun muna yara ba mu gaisawa sai da tsiya.

Wata ranar kasuwa ya shigo rumfata, ya ɗage riga.

"Kai mai askin ƙwarƙwata, taɓa nan ka ji. Kamar na haɗiye kwaɗo da ransa."

Na ɗora hannu saman cibiyarsa. Abu na bugawa, har tafin hannuna yana ɗagawa. Ban taɓa jin irinsa ba, amma ban faɗa ba. Na ce mataccen jini ne, zaman kwalekwale ya tara shi. Na tsaga, na kafa ƙaho, na nuna masa baƙin jinin da ya fito. Sannan na murza wurin da ƙarfi don ya watse. Haka muka riƙa yi shekara da shekaru, duk sanda cikin ko bayansa ya dame shi. Bugun bai daina ba. Na ƙi cewa abin ya fi ƙarfina, don kada ya samu abin yi mini dariya a bakin ruwa.

Ɗiyarsa da ke aikin jinya a Yelwa ce ta zo ganin gida, ta ga tabon tsaga a cikinsa. Da ta taɓa wurin, sai fuskarta ta canza. Ta zo har rumfata ta durƙusa.

"Baba, don Allah kada ka ƙara murza masa. Gobe za mu je a yi hoton ciki."

Na ji haushi. Na bi su ne kawai don in ji an ce babu komai.

A asibiti likita ta shafa masa wani mai mai sanyi, ta ɗora kan na'ura a cikinsa. Ɗakin ya cika da ƙara, shuu, shuu. Ta ce jininsa ne ke tafiya. A allon na'urar sai ga wata hanya mai faɗi, ja na wucewa ta cikinta daidai da kowane bugu. Ta ce babbar jijiyar jini ce, daga zuciya take saukowa ta gaban ƙashin baya. Da ta matsa ƙasa kaɗan, hanyar ta buɗe kamar tulu. A nan ja da shuɗi suka cakuɗe, suna zagayawa.

Taubashina ya ɗaga kai. "Wannan ai juyin ruwa ne, irin wanda muke kauce wa."

"Kusan haka ne," in ji ta. "Jijiyar ta kumbura, bangonta ya yi rauni. Jinin na juyawa a nan kafin ya wuce. Ba a danna wurin. In ta fashe, da wuya a kawo mutum da rai."

Na ƙura wa allon ido. Jinin da na kira matacce ga shi yana gudu a gabana.

"Likita," in ji taubashina, "ga wanda ke murza ta nan. Ina ake ɗaure irinsu?"

Ta yi dariya. Ni ban iya ba. Na ce, "Ni ne, ɗiyata. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba."

Ta ce kumburin bai kai na tiyata ba tukuna. Ta ba shi maganin hawan jini, ta hana shi taba da ɗaukar kaya masu nauyi, ta ce ya riƙa dawowa a duba.

Yanzu ni ke raka shi. Duk zuwa sai an auna faɗin jijiyar, kuma zuwa yau, alhamdu lillahi, bai ƙaru da yawa ba. Ya bar fito, yana zaune a rumfata yana kushe askina a gaban mutane.

'Yan'uwana wanzamai, da masu tausa, da duk mai tsoho a gida, ina roƙonku. In kun ji ciki na bugawa ƙarƙashin hannunku, ku ɗauke hannun, ku kai shi a duba. Kada ku yi irin nawa.