Kwalayen Tayil a Bayan Mota

Bayan na fita takaba na fara tuƙa motar maigidana, domin a rabon gado ita ta faɗo mana ni da yara. Daga gidanmu a Tarauni zuwa makarantar da nake koyarwa a Gyaɗi-Gyaɗi ba nisa, amma duk ranar darasin yamma sai magariba ta riske ni a hanya. Da na kunna fitila sai masu tahowa su yi ta danna mini tasu a ido. Ni kuwa ga saurin fushi, na ɗauka raini ne don sun ga mace, sai in rama.

Ran nan wani mai adaidaita sahu ɗauke da mata ya kauce, saura ƙiris ya faɗa kwata. Ya leƙo ya ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah, fitilarki ta kashe mini ido." Na ja motar na wuce gida.

Washegari da la'asar na kai motar wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota a Unguwa Uku. Bai fara da fitilar ba. Ya sa mai faci ya daidaita iskar tayoyin, ya goge gilashin fitilun da tsumma, ya ce in shiga da ita cikin rumfa inda daɓen ba gangare, ta fuskanci bango. Sai ya zagaya baya ya tsaya yana kallonta.

"Me kika ɗauko a but?"

"Ba komai, Malam."

"Hajiya, da nauyi a nan. Baya ya yi ƙasa, dole gaba ya ɗaga. In ba a sauke ba, aikin banza zan yi miki."

Kwalayen tayil ne guda tara. Marigayi ya sayo su don ɗakin girkina, kwana biyu kafin ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ranar da yayansa ya zauna da malamai ana raba abin da ya bari, na san suna cikin but, na yi gum. Hannunsa ne ya jera su, ban so wani hannu ya taɓa ba. Amma na sani sarai akwai haƙƙin mahaifiyarsa a ciki, Inna, wadda take sa mini albarka duk Juma'a. Wannan sanin ya hana ni sakat wata da watanni.

Na ce ya sunkuyar da fitilar kawai, a bar kayan. Ya ce zai iya, amma ranar da aka sauke su ba zan ga abin da ke gabana ba. Na ji haushinsa ƙwarai, don ya fi ni gaskiya. Na buɗe but ɗin.

Shi da mai facin suka sauke, suka jera a gindin bango. Ina kallo motar ta ɗago. Ya ce in zauna a kujerata in kunna. Hasken ya sauka daidai wani layi da ya ja da alli a jikin bangon, ko sukurdireba bai ɗauka ba.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "In mayar miki da kwalayen?"

Na ce a'a, ya bar su a nan. Sannan na ciro waya na kira yayan marigayi. Na ce, "Yaya, akwai abin da na ɓoye muku ranar rabo. Ka turo a ɗauka."



"Zan turo," ya ce. "Amma ita Inna, ke za ki je ki faɗa mata da bakinki."