Alawar da na riƙa kawo mata

Matata ɗinkin hula take yi. Wata rana ta miƙo mini bakin zare ta ce, "Malam, ɗan jiƙa mini wannan, bakina ya ƙafe."

Na yi dariya, na lasa, ta zura a allura. Daga nan abin ya zama na kullum. Miyau ya ɗauke mata, idanu kamar an zuba yashi, tuwo ba ya wucewa sai ta kora da ruwa. Na ce zafin bazara ne. Damina ta zo ta wuce, ban canza magana ba. Laifina na farko ke nan.

Na biyu ya fi muni, don da hannuna na yi shi. Motar siminti nake tuƙawa daga Malbaza, duk dawowa sai na tsaya Konni na ciko aljihu da alawa. In ta tsotsa bakin yakan ɗan jiƙe, ni kuma ina hura hanci wai na samo magani. Haƙoranta suka fara baƙi daga gindi, biyu na ciki suka gutsure. Matar da maƙwabta ke jin dariyarta ta koma rufe baki da gefen mayafi.

Sai da tauna ta gagara na kai ta wurin likitan haƙori. Ya duba, ya tura mu gwajin jini. Ashe garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar inda miyau da hawaye ke fitowa. Ya ce miyau ke wanke haƙori, in babu shi sukari ci yake kamar gara.

"Hajiya, wa ke ba ki kayan zaƙi?"

Ta kalle ni ta wutsiyar ido. "Wani babban likita ne, mai tuƙin motar siminti."

Na ce, "Ni ne. Ga ma saura a aljihu."

Ya karɓe alawar, ya cire haƙoran nan biyu da suka gutsure, ya cike ramukan sauran. Ya ce na gaba za su tsira in mun kiyaye.

Ciwon bai warke ba. Yanzu dai cingam marar sukari nake kawowa, da buroshi mai laushi, gorar ruwa kuma ba ta barin gefenta. Ni ke tuna mata ranar komawa likita.

Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, amma jiƙa zare ya zama aikina har abada. Jiya na lasa, zaren ya manne mini a gemu, ina ta lalube. Ta tuntsire da dariya, mayafin na can kan igiya.