Igiyar Garin Alkama

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, gidanmu na Zongo ya cika da garin alkama, yunwa kuma tana nan zaune daram. Gero ya yi ɓatan dabo a kasuwa. Abin da kamiyo, wato manyan motocin kaya, ke saukewa a bakin unguwa shi ne jar dawa mai wuyar daka, da buhunan farin gari na taimako da aka ce daga ƙasashen Turawa suka zo. Kakata, wadda muke kira Ayya, mutuniyar ƙasar Tawa ce, gero ta sani tun tasowarta. Ta kwance bakin buhu, ta shinshina, ta dube mu ta ce, "Wannan kuma ta ina ake kama shi?"

Da tuwo ta fara. Allah Ya jiƙan Ayya, amma abin da ta sauke ranar nan danƙo ne, muciya ta shiga ta ƙi fita. Sai ta koma burodi. Ta roƙo ɗan kwaɓi mai tsami wajen wani mai gashin burodi, ta kwaɓa nata, ta sa a tukunyar ƙarfe, ta tara garwashi bisa murfi. Na farko ya fito da tauri har yayana ya ce a tokare ƙofa da shi. Na biyu ƙasansa ya ƙone, cikinsa ɗanye. Mun yi mata dariya son ranmu, mun kuma cinye tas, don cikinmu ba ya zaɓe a lokacin.

Mutum ɗaya ne bai kai hannu ba: Kaka Mamman, ƙanen Ayya. A sansanin 'yan gudun fari na Lazare mahaifina ya tsinto shi, bayan shanunsa sun zube ɗaya bayan ɗaya a kan hanya. Mutum ne da a ƙauyensu baƙo ba ya kwana da yunwa muddin rumbunsa na tsaye. Da aka ajiye masa kwano sai ya tura shi gefe.

"Yaya, ni da ke hidda zakka duk shekara, yau in ci sadakar wanda ban san huskarsa ba? Ba ni ci."

Ayya ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira liman ya yi masa nasiha. Ya saurara da ladabi, kwanon kuma ya koma yadda ya zo. Abin da kawai yake karɓa shi ne jiƙon tsamiya da citta da Ayya ke tacewa ta cika masa kwalba, don itacen tsamiyar a tsakar gidanmu yake, ba a jirgi ya zo ba. Wata rana ta dama ɗan gari a ciki a ɓoye. Kurɓa ɗaya ya yi ya ajiye. Muna kallo rigarsa ta fara yi masa yawa, tashi zuwa alwala ma sai ya dafa bango. Ina ƙarama, amma na san mutuwa yake yi a hankali, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

A kwanakin nan ne Ayya ta ga wata maƙwabciya tana taliyar murji, ta ce ita ma za ta gwada. Bayan magariba, lokacin da muka saba kewaye murhu don tatsuniya, ta fito da ƙwarya cike da kwaɓi mai ƙarfi, ta gutsura wa kowa.

"Yau tatsuniyata gurguwa ce," in ji ta. "Ba ta tahiya sai hannuwa na aiki. Ga wata tana ƙwanƙwasa ƙohwa."

Muka ce, "Ta shigo ta zauna!"

Wai wani makiyayi ne ruwan rijiyarsa ya yi ƙasa, igiyarsa ta kasa kai wa. Ga dabbobi suna kuka, ga ruwa yana ƙyalli can ciki. Sai wata kurciya ta zo da silin kaba a baki ta ajiye gabansa. Ya ce shi ba ya karɓar kyautar tsuntsu. Kurciya ta ce, "Malam, dubi abin da kyau. Sili ne. Sili ya taɓa ɗebo ruwa?" Ta tafi ta sake kawo wani, ta sake kawowa, har suka taru tuli. Ganin sun taru suna neman lalacewa, makiyayi ya zauna ya tufke su, ya ƙulla a tsohuwar igiyarsa, ya zura guga, ruwa ya fito.

Duk lokacin nan muna murzawa, abin da ke fita daga tafinmu kuwa abin kunya ne. Nawa gajeru masu ƙaton ciki, na yayana suna tsinkewa. Kaka Mamman yana kishingiɗe a tabarmarsa, na lura idonsa ba ya barin hannuna. Can ya kasa haƙuri.

"Ke amaryata, haka za ki ciyar da ni in na aure ki? Kawo nan."

Ya karɓi kwaɓin, ya ɗora a tafi, ya ja ɗaya hannun a kai kamar yadda ya yi wa kaba da rama tsawon ransa. Sai ga sili siriri, dogo, kai ɗaya daga farko har ƙarshe. Ya ajiye a faifai, ya miƙo hannu a ƙara masa. Ayya ko kallonsa ba ta yi ba, ta dai tura ƙwaryar kusa da shi da ƙafa.

"To ɗiyan nan," ta ce, "ruwan da ya hito, na wa ne? Na kurciya ko na makiyayi?"

Muka kaure da gardama. Ni ina bayan kurciya, don ta ba ni tausayi da yawan zirga-zirga. Yayana ya ce na rijiya ne. Ayya ta bar mu muka gaji, ba ta raba mu ba. Kaka Mamman ne ya yi magana, kansa a sunkuye, hannunsa bai tsaya ba.

"An gode ma kurciya. Amma wanda ya tubka shi ke da ruwa."

"Haka ka gani?" in ji Ayya. "To, ta ƙare, ta koma inda ta hito."

Washegari aka shanya taliyar, aka turara ta, aka zuba mai da yaji. Ayya ta ajiye masa kwano. Ya daɗe yana duban sa, sannan ya tambaya ko tasa ce ko ta yara. Ta ce tasa ce, ta yara ai ba ta shiga kwanon mutane. Ya yi bismilla. Ayya ta tashi da sauri ta shige ɗaki, na bi ta na tarar tana share ido da bakin zane.

Na girma ina ɗaukan tatsuniyar nan a matsayin darasin aiki da ƙwazo. Sai da na kai shekarun da ni ma nake miƙa wa wasu taimako, na ga yadda karɓa ke yi wa mutum nauyi, sannan na gane ba makiyayi Ayya ke koya mana ba. Kurciya take koya mana, wadda ta san ta kawo taimakonta guntu-guntu, ta bar wa mutum abin da zai ƙarasa da hannunsa.

Kafin rasuwarta na tambaye ta wajen wa ta ji tatsuniyar, don ban taɓa jin ta a bakin kowa ba. Ta yi dariya har da tari.

"Wajen wa kuwa? Ina kwaɓin nan na haɗa ta. Na dahwa mishi duk abin da na iya, bai ci ba. Ita kaɗai ta rage mini."