Malama Rakiya ta rasu, kuma na ga masu rubuta ta'aziyya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina bakin titin Mokola da safen nan ina jiran mota aka kira ni, wai Malama Rakiya ta cika.

Ita ta koya wa matan unguwar Sabo kwamfuta a Islamiyyarmu. Ita ta riƙe hannuna a kan mawus ranar farko. In na zo da goyo, ta karɓi yaron ta ce in zauna in yi aikina.

Duk darussanta na shekaru suna cikin fayil guda na silaid, wato shafukan da ake haskawa a allo, da hotuna da bidiyo. Ya yi nauyi sosai. In ka ce za ka ɗebo silaid daga cikinsa zuwa wani sabo, sai kwamfuta ta tsaya cak, ko ta ƙi buɗe shi.

Sakataren ƙungiyarmu ya nemi wasu silaid don taron baƙi. Ta tura masa fayil ɗin, ya gwada ya kasa. Maimakon ya tambaya, sai ya rubuta a guruf ɗin ƙungiyarmu na waya wai ta kulle shi da gangan, rowar ilimi take yi.

Kun karanta. Babu wanda ya tanka a cikinku.

Lokacin tana kwance, ƙafafunta a kumbure.

Na je duba ta na tarar da laftof a kan matashi, tana rarraba fayil ɗin ƙanana-ƙanana, tana rage nauyin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Malama, don Allah ki bar shi, bai cancanta ba."

Ta ce, "Hadiza, ba don shi nake yi ba. Bayana ma kar ya gagare ku buɗewa."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Sakataren ya yi taronsa da aikinta, ya goge sunanta daga kowane shafi, aka tafa masa. Yau shi ne farkon saka hotonta a guruf, wai mun yi rashin uwa. Malam Sakatare, kalmar haƙuri ɗaya ba ka kai mata ba tana da rai. Ka sauke hoton nan.

Allah Ya jiƙan Malama, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya kai ladan kowane darasi kabarinta. Wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a, ya ambaci sunanta a ciki.