Likkafanin da Ya Dawo Gida

Kakata ta wanke likkafaninta da ruwan zamzam tun ina aji uku. Ta shanya shi a saman gidanmu a unguwar Hindawiyya ta Jidda, ta sa ni korar tattabaru har ya bushe. Muna ninkewa ta ce, "Ƙawata, ke ce shaida. Uwarki za ta yi min wanka, ke ki zuba ruwa. Kada baƙo ya ga jikina."

Ta rasu a asibiti ina shekara goma sha uku. Kawu ne kaɗai mai iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, a gidan, don haka shi ya je ofishin masu hidimar gawa a Sharafiyya. Na bi shi riƙe da likkafanin a leda, saboda na fi shi Larabci. Mai ofishin ya karɓi ledar ya ajiye a kan kujera, ya ce gobe da hantsi mata su zo ɗakin wankansu na baya. Sannan ya turo takarda.

Na leƙa ta gefen kafaɗar Kawu. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa suna iya miƙa gawa ga wasu su yi aikin. Na buɗe baki.

"Yalla, ya Hajji, akwai mutane a bayanka," in ji mutumin.

Ban taɓa magana a gaban baƙon namiji ba. Kawu ya sa hannu.

Washegari muka zo, Inna da garin magarya da kafur ƙulle a bakin mayafi. Muka tarar da ɗakin wankan a rufe.

"Halas, an gama," in ji mutumin. "Wurinmu ya cika, mun tura ta unguwar Khumra, akwai masu yi mana. Motar ta wuce masallaci, bayan azahar za a yi salla."

"Su wa suka wanke min uwa?" Inna ta tambaya.

"Musulmi ne, Hajiya."

"Mata ne?"

Ya duba takardunsa, ya ɗaga kafaɗa.

Kawu ya fara faɗa. Mutumin ya nuna masa sa hannunsa, sannan ya dubi Inna a hankali. "Hajiya, ke ina iƙamarki?"

Nan maganar ta mutu. Mata ba sa bin gawa maƙabarta a Jidda. Wankan nan shi ne sallamarmu, kuma an riga an yi shi ba mu.

Ledar tana nan a kan kujera inda aka ajiye ta jiya. Wani ya ɗora kofin shayi a kanta, shayin ya tsiyaya ta bakin ledar, ya bar tabo kamar tsabar kwabo a kan farin yadin. Na ɗauka na rungume. Ba wanda ya hana ni.

Inna ta wanke tabon bai fita duka ba. Likkafanin yana akwatinta har yau. Takan ce nata ne yanzu, ni ce shaida, tunda ni na iya karatu ba za a cuce ta ba.

Ban taɓa faɗa mata na karanta layin nan na ƙasan takardar ba.