Fetur Ba Shi Da Ɗan Yoyo

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina a sana'a, makaniken da kowa a layinmu yake kira Mai Hanci, bayan kwana huɗu yana jinyar ƙuna a asibiti. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakanin garejinsa da rumfata, inda nake buga jikin mota. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Sarkin Hayaniya.

Yaya, na so in rubuta maka ta'aziyya cikin sanyin rai, na kasa. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Ko mako ba ka yi a ƙasa ba, aka fara yawo da magana wai ganganci ka yi, wai ka shiga ƙarƙashin mota mai yoyon fetur ba ka cire kan batir ba. Jiya autarka ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata babanta bai san aikinsa ba. Kai ne ba ka san aiki ba? Haba jama'a, ku ji tsoron Allah!

Ba a banza aka sa maka Mai Hanci ba. Na tuna wata malamar makaranta da ta tsaya da motarta tambayar hanya, da yara uku a baya. Ba gyara ya kawo ta ba. Ka shaƙi iska sau ɗaya, ka ce ta kashe mota ta fito da yaran. Ashe notin bututun mai ne ya kwance, yana ɗiga a kan inji mai zafi. Ka ɗaure mata, ka nuna mata hanya, ka ce addu'a ta isa. Kuma babu abin da yake tayar maka da hankali kamar mai mota ya ce, "Ai ɗan yoyo ne kawai." Sai ka ajiye sifana ka dube shi ka ce, "Malam, ruwa ne yake da ɗan yoyo. Fetur ba shi da ɗa."

Da wannan kalmar wani mai jar mota ya zo maka ranar Alhamis. Ya cire injin da motar ta zo da shi ya sa babba, ya ƙara famfon mai mai ƙarfi, ya sa aka yanke salansa don ta riƙa ƙara tana tofar da wuta ta baya. Inda sabon bututu ya haɗu da tsoho, haƙoran notin ba su dace ba, sai wani gwani ya cusa sabulu ya naɗe da robar tayar keke. Ka nuna masa da yatsa. Ka ce motar ba za ta tashi ba sai ka samo mahaɗin da ya dace. A gabana ka cire kan batir, ka zare makulli ka jefa a aljihu. Ya tafi yana gunaguni.

Washegari da hantsi ka samo mahaɗin, ka sauka ramin da ke ƙarƙashin motar, ka kwance bututun. Shi kuma mai motar ya zo da abokinsa da makullin ajiya, wai zai jiyar da shi kukan inji. Bai yi sallama ba. Bai leƙa rami ba. Ya mayar da kan batir da hannunsa, ya murɗa makulli, famfo ya feso maka fetur, salansar da yake taƙama da ita ta yi aikinta, wuta ta kama ka. Ni kuwa ina bayan katanga ina ta dukan ƙofar wata mota da guduma, shi ya sa ba ka ji shigowarsu ba. Wannan hayaniyar da kake tsokanata da ita ce ta toshe maka kunne, Yaya, kuma har gobe ban yafe wa hannuna ba.

Sai ga mai jar motar ya zo gaisuwa da farar riga, yana girgiza kai yana cewa ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, ba shi zai koya mana ba. Amma ba a ba mu ita don mu goge hannu da ita kamar tsumman gareji ba. Da ya ce, "Ni ne, ku yafe mini," wallahi da na yi shiru. Amma ya ceci kansa ya bar sunanka a wuta, wannan kam ba zan haɗiye ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya sa zafin da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da duk wanda hancinka ya taɓa ceto bai sani ba. Allah Ya ba mu haƙuri, ni ma ina nema, don nawa ya yi ƙaranci.

Ke kuma Auta, share hawayenki. A cikin kayan da asibiti suka miƙa wa mahaifiyarki akwai makullin jar motar nan, a aljihun wandon babanki aka same shi. Duk wanda ya sake ce miki bai san aikinsa ba, kada ki yi musu da shi. Ki turo mini shi rumfata, ya faɗa mini wanda ya tayar da motar.